Ohara: ƙauyen da ke bayan hoton nan da ka danna wa so

Idan kana yawan zagaye a Instagram ko TikTok, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da hoton nan ba: ƙasa shimfiɗe da gansakuka koriya shar kamar darduma, dogayen bishiyoyi, ga wasu ƙananan fuskokin dutse sun leƙo daga cikin gansakukar suna murmushi. Ka danna alamar so, ka wuce. To wannan wuri sunansa Ohara, ƙauye ne a cikin tsaunuka arewa da birnin Kyoto a ƙasar Japan, kuma labarinsa ya fi hotonsa nauyi nesa ba kusa ba.

Daga tashar jirgin ƙasa ta Kyoto, tafiyar wajen awa ɗaya ce a bas. A takarda Ohara cikin Kyoto yake, amma kana sauka za ka ga gonaki ne da rafi da gidajen manoma. Kyoto ta yi sama da shekara 1,000 tana fadar sarkin Japan, kuma a tsawon wannan lokaci Ohara ce mafakar waɗanda fada ta gundura, ko ta kora.

Hoton da ka gani daga Sanzen-in yake, wurin ibada mafi girma a garin, na mabiya addinin Buddha 'yan ɗariƙar Tendai. Daga tashar bas hawa ne na kamar minti 10, kana bin gefen rafi tsakanin 'yan shaguna. A tsakiyar lambun akwai wani ƙaramin ɗakin katako da ke ɗauke da mutum-mutumi uku masu ruwan zinariya, ɗaya daga ciki na ɗauke da shekarar 1148. Na tsakiyar ya yi girman da sai da aka lanƙwasa rufin ɗakin ya zama kamar kifaffen kwalekwale kafin ya samu wuri. Kada ka ɗaga waya a nan fa. A yawancin ɗakunan ibadar nan ba a yarda da ɗaukar hoton abin da ke ciki ba, kuma sai ka tuɓe takalmi kafin ka taka katakon. Babu mai cewa ka rusuna ko ka yi ibadarsu. Baƙo ne kai, ka yi shiru irin na baƙo, don wanda ke durƙushe kusa da kai ba yawon buɗe ido ya kawo shi ba.

Yawancin mutane daga nan suke juyawa su koma bas, sun samu abin ɗorawa. Kai kada ka juya. Ka tsallaka ɗaya ɓangaren kwarin, ka ratsa gonaki na kamar minti 20, za ka iske Jakko-in, wani ɗan ƙaramin wurin ibadar mata.

A shekarar 1185 aka yi yaƙin Dan-no-ura a kan teku, inda gidan Minamoto ya gama da gidan Taira. Sarkin Japan a lokacin, Antoku, yaro ne ɗan shekara 6, kuma yana cikin jirgin dangin uwarsa, wato Taira. Da kakarsa ta ga an ci su, sai ta rungume shi ta faɗa teku da shi. Uwarsa ma ta bi su, amma abokan gaba suka tsamo ta da rai. Ka ɗan tsaya ka auna wannan: 'yar mutumin da ya fi kowa ƙarfi a ƙasar, matar sarki, uwar sarki, rana ɗaya ta wayi gari ba ɗa, ba uwa, ba dangi, kuma ko mutuwar da ta nema ba ta samu ba. Ita ce Kenreimon-in. Ta aske kanta, ta tare a wata bukka a gefen Jakko-in, ta ƙare rayuwarta tana yi wa ɗanta da danginta addu'a. Littafin Heike Monogatari, wanda 'yan makarantar Japan ke karantawa har yau, da labarinta ya rufe.

Ginin da za ka gani a wurin ma ba na asali ba ne. A watan Mayun 2000 wani ya cinna wa babban ɗakin wuta cikin dare, kuma ba a kama shi ba. Babban mutum-mutumin da ke ciki ya babbake ya yi baƙi ƙirin, amma ƙananan sama da 3,000 da ke ɓoye a cikinsa sun tsira. A 2005 aka kammala sabon ɗakin.

Akwai kuma Hosen-in, kusa da Sanzen-in, inda za a zaunar da kai a kan tabarma a kawo maka koren shayi da ɗan abin zaƙi, kana kallon wata bishiya da ake ba wa shekara wajen 700. Kowa gaba yake kallo. Kai ɗaga kanka sama. Katakon rufin barandar daɓen fadar Fushimi ne, inda a shekarar 1600 sauran mayaƙan Torii Mototada suka kashe kansu bayan an ci fadar. An ɗauko katakon da tabon jininsu aka maida shi rufi, don kada a riƙa taka shi, kuma a riƙa yi musu addu'a.

Abin da ya fi kama ni a labarin Ohara kuwa ba na sarakuna ba ne. Ɗaruruwan shekaru matan ƙauyen nan suna ɗora dammunan itace a ka, su taka har Kyoto su sayar su dawo. Oharame ake ce musu. Duk wanda ya taɓa ganin mata na shigowa gari da sassafe da itace a ka ya san nauyin wannan kaya ba sai an faɗa masa ba. Gas da lantarki sun kashe sana'ar. Yanzu shigar tasu ta zama kayan biki, har baƙi na haya su saka don hoto. Wuyan da ya ɗauki itacen dai ba ya fitowa a hoton.

Idan Allah Ya kai ka, tsakiyar Nuwamba ne ganyaye ke rinewa su koma ja, kuma lokacin ne cunkoso ya fi yawa. Mutanen Kyoto sun soma ƙosawa da masu waya a hannu: a 2024 unguwar Gion ta hana baƙi shiga wasu lungunanta saboda yadda ake bin mata da kyamara. Don haka ka kama bas ɗin safe, kada ka shiga gonar mutane neman kusurwa mai kyau. Kafin ka sauko kuma ka sayi shibazuke, wani irin gauta da ake jiƙawa da gishiri da jan ganyen shiso da ake nomawa a kwarin. Mutanen garin na cewa kakanninsu ne suka riƙa kai wa Kenreimon-in shi a bukkarta, kuma ita ta raɗa masa sunan. Tsami gare shi sosai, sai da shinkafa.