Koken ɗalibi ba raini ba ne

Muna zaune a fada a Tirmini bayan la'asar, ana jiran shayi na biyu, sai ga ɗan yayana da jakarsa, ya dawo hutu daga wata jami'a. Aka tambaye shi karatu, ya sunkuyar da kai ya ce lissafi ya kayar da shi, shi da akasarin ajinsu. Ya ce sun tura wakili ya roƙi malamin ya riƙa sassautawa, don yana share allo kafin su gama kwafa. Amsar da aka ba su ita ce wanda bai iya gudu ba ya koma gona. Wani dattijo a gefena ya gyaɗa kai ya ce, "Ai wannan shi ne malami. Yaro ya gyara wa malaminsa? Ina aka taɓa yi?"

Na gaji da jin wannan magana. Tun da aka buɗe jami'o'in Zinder da Maraɗi da Tawa a 2010, ƴaƴan manoma suka sami hanyar karatu mai zurfi kusa da gida, amma mu iyaye muna nan muna tafa wa duk malamin da ya fi kayar da yara, wai shi ne gwani.

Abin da nake kira gare shi ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamai na ce masa muhasaba: ka zauna ka yi wa aikinka hisabi. Wani Ba'amurke, Donald Schön, ya yi littafi a kansa a 1983, inda ya nuna gwanin sana'a kan duba aikinsa sau biyu, yana cikin yi da kuma bayan ya gama.

To wai a ina aka samo cewa malami ba ya sauraron ɗalibi? Ku duba karatun zaure. Ɗalibi guda ne a gaban malam, yana ja malam na fassarawa. Da "na'am" ɗinsa ta yi sanyi, malam ya san an bar shi a baya, sai ya sake bi. Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya shahara da faɗin bai sani ba idan an yi masa tambayar da ba shi da tabbacinta, kuma girmansa bai ragu ba. A babban ɗakin lacca kuwa, mai magana da ɗaruruwan kawuna ba ya ganin fuskar na baya. Idan ya toshe kunnensa kuma, da me zai gane inda aka tsaya?

Lissafi ya fi kowane fanni bukatar wannan, domin gini ne, tubali kan tubali. Malamin da ya shekara ashirin yana warware abu ɗaya ya manta wahalarsa. Sai ya rubuta layi na farko, ya ce "a bayyane yake", ya tsallake layi uku ya rubuta amsa. Yaron da ke tunani da Hausa, yana sauraro da Faransanci, a waɗannan layuka ukun ya ɓace. Kuma kada a ce kanmu ne ba na lissafi ba. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana tarihin lissafi na nazarin aikinsa a kan hatimin lambobi. Malamin ƙauyenku ma yana fitar da tumuni da sudusi a rabon gado ba tare da na'ura ba.

Gaskiya ne ba kowane koke ake bi ba. Ɗalibi na iya neman jarrabawa mai sauƙi, wannan a ba shi haƙuri. Majinyaci ba ya rubuta wa kansa magani, amma shi ya san inda ke masa ciwo. Cunkoson aji da yajin aiki da jinkirin kuɗin tallafi su ma suna da nasu laifin.

Malam, ga abin da ba ya cin ko dala. Saura minti biyar a tashi, kowa ya yagi ƴar takarda, ba suna, ya rubuta abu ɗaya da ya gane da ɗaya da ya shige masa duhu. Ka karanta a daren, ko talatin daga ciki. Idan ka ga koke ɗaya na maimaituwa, da shi za ka buɗe darasi na gaba. Ka ajiye ƙaramin littafi, bayan kowace lacca ka rubuta layi biyu: ina aka yi tsit, wane misali ya ci. In ka zo gyaran jarrabawa, kada ka tsaya ga jan biro. Ka lura da kuskuren da rabin aji suka yi iri ɗaya, domin wannan kuskuren daga allo ya fito. Ka gayyaci abokin aikinka ya zauna a layin baya ya gaya maka ko rubutunka na karantuwa. In za ka koyar da saurin canjin abu, fara da farashin tiyar gero daga kaka zuwa bazara kafin ka kawo alamomi. Sannan ka dawo ka ce musu, "Kun ce ina sauri, na rage. Kun ce a cire babi na huɗu, ba zan cire ba, ga dalili." Ɗalibin da ya ga maganarsa ta yi aiki, gobe zai faɗi gaskiya.

Ku kuma ɗalibai, ku yi koke da ladabi, ku faɗi layin da kuka ɓace, ban da zagi a WhatsApp. Mu iyaye, idan yaro ya dawo ya ce bai gane ba, mu tambaye shi daga ina, kafin mu tafa wa wanda ya kayar da shi.