Taya da shokozoba: Abin da mai sayen keke a Kaduna ya kamata ya sani kafin ya biya kuɗi

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya sauya wa mazauna Kaduna. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Ɗalibin da ke tasowa daga Kawo zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada, da ma'aikacin da ke fitowa daga Rafin Guza zuwa sakatariyar jiha a titin Independence, duk suna da dalilin waiwayar keke.

Wanda ya fi jan idon matasa shi ne keken hawa tsauni, mai faɗin taya da giya. Mafi sauƙin nauyi a cikin danginsa shi ne wanda aka ƙera domin tseren dogon zango a hanyoyin daji, wasan da ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Abubuwa biyu ne ke bambanta waɗannan kekuna: girman taya da irin shokozoba. Kuskure a ɗayansu na iya mayar da sabon keke kayan jingina a zaure.

Girman taya

Kekunan tsauni na manya suna zuwa da girma uku: inci 26, inci 27.5 da inci 29. Mai inci 26 ne ya mamaye kasuwar duniya har zuwa shekarun 2000, kafin manyan kamfanoni su karkata ga sauran biyun. Shi ya sa ya yawaita a cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai.

Babbar taya tana hawa dutse ko bakin rami ba tare da ta yi turjiya sosai ba, idan ta ɗauki gudu kuma tana riƙe shi. Wannan ne ya sa masu tseren dogon zango suka koma inci 29. Ƙaramar taya ta fi saurin tashi daga tsaye, ta fi sauƙin juyawa, wilinta kuma ya fi jure duka saboda gajartar wayoyinsa. Inci 27.5 yana tsakiya. Ga mai doguwar tafiya a kan titin Ali Akilu zuwa Ahmadu Bello Way, inci 29 zai rage masa wahala. Mai kutsawa cikin cunkoson Kasuwar Barci ko lungunan Unguwar Shanu, yana tsayawa yana tashi, zai fi jin daɗin inci 26 ko 27.5. Tsawon mahayi ma abin dubawa ne: duk keken da mutum ba zai iya tsayawa a kansa ƙafafu biyu a ƙasa ba tare da ƙarfen tsakiya ya taɓa shi ba, ya yi masa girma.

Akwai tarkon da ke cikin waɗannan lambobi. Ainihin ma'aunin wili a milimita ake yin sa, kuma yana rubuce a gefen taya, misali 54-559. Lamba ta farko faɗin taya ce, ta biyu kuwa girman wili. Inci 26 shi ne 559, inci 27.5 shi ne 584, inci 29 kuma 622. Tsohon keken Raleigh ko Phoenix da ake kira inci 28 wilinsa 635 ne, wato ya fi na inci 29 girma, don haka tayar ɗaya ba ta shiga ɗaya. Kafin ciniki ya faɗa, ya kamata mai saye ya karanta lambar, ya tambayi mai gyaran keke na unguwarsu ko ana samun irin tayar. Keken da sai an aika Kano ko Legas kafin a samo masa taya, ranar da ta yage tafiya ta tsaya.

Shokozoba

Nan ma kashi uku ne: keken da ba shi da shokozoba sam, mai shi a gaba kaɗai, da mai shi gaba da baya. A kekunan tseren dogon zango, na gaba yakan nutse milimita 100 zuwa 120.

Mai gaba da baya ya fi ɗaukar ido, amma mai araha daga cikinsa yaudara ce. Sau da yawa sifirin ne kawai ba tare da abin da ke daƙile tsallensa ba, sai keken ya riƙa lilo yana cinye ƙarfin da mahayi ke zubawa a feda. Ga ƙarin nauyi, ga mahaɗai da ke saurin sakin jiki, ga wahalar ɗaura kariya ta ɗaukar kaya. Na ƙwarai kuwa an yi shi ne domin gangaren duwatsu, abin da babu shi tsakanin Malali da Mando.

Mai shokozoba a gaba kaɗai shi ya fi dacewa da yawancin mazauna arewacin kogin. Cikinsa ko dai sifirin ne na ƙarfe, ko iska. Na iska ya fi sauƙin nauyi kuma ana daidaita shi da nauyin mahayi, sai dai yana buƙatar famfo na musamman, ba irin na mai faci ba. Na sifirin ya fi nauyi amma ya fi haƙuri da rashin kulawa. Gwajin daidaito ɗaya ne: idan mahayi ya hau ya natsu, shokozoba ya nutse kimanin kashi 20 cikin 100 na tsawon tafiyarsa, wato milimita 20 a mai 100. Idan yana da makulli, a kulle shi a kan kwalta, a buɗe a hanyar burji.

Yanayin Kaduna ma yana da ta cewa. Ƙurar hunturu da taɓon damina suna cinye robar da ke tare datti, su karce ƙarfen da ke shiga yana fita. Kamfanin RockShox yana ba da shawarar a sauya man ƙasan shokozoba bayan kowace awa 50 ta tuƙi, abin da mai zuwa aiki kullum zai cika cikin wata biyu ko uku. Wanda ba zai iya wannan ba, gara ya ɗauki keke marar shokozoba mai faɗin taya, ya ɗan rage mata iska. Taya mai faɗin inci biyu tana shanye gargada fiye da mataccen shokozoba mai tsatsa.

Abin da ƙarfe ba zai gyara ba

Shirin sabunta birni da gwamnatin Nasir El-Rufai ta ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa manyan tituna, ya kuma samar da sabuwar gadar Kawo da aka buɗe a farkon 2022. Amma tafiyar mafi yawan jama'a tana farawa ne daga cikin unguwa, inda hanyoyi da dama har yanzu jar ƙasa ce da zaizayar ruwa. Kuɗin da matashi ke ƙarawa domin shokozoba, a zahiri yana biyan kuɗin hanyar da ba a yi ba ne.

Idan ya fito kwalta kuma, sai ya raba hanya da bas-bas da Keke Napep da manyan motoci. Matsalar tsohuwa ce. A 2001, ministan sufuri Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, mota ta ture shi yana kan nasa a Abuja. Zaɓen taya da shokozoba yana hannun mai saye. Gyaran titunan unguwa da keɓe wa masu keke layinsu kuwa yana cikin kasafin kuɗin jiha da na ƙananan hukumomi, kuma tambaya ce da ta cancanci a yi wa kansila da ɗan majalisar jiha idan sun dawo neman ƙuri'a.