Amurka: Dalilin da ya sa gwamnati ke yi wa masu karɓar tallafin abinci gyara idan sun sayi madara

A wasu kantunan Amurka, duk mai riƙe da katin tallafin abinci na gwamnati da ya sayi madara ta dala ɗaya, sai a ba shi damar ɗaukar wata ta dala ɗaya kyauta. Abin ya yi kama da gyaran da mai nono ke yi wa abokin ciniki a kasuwa, sai dai a nan baitulmalin ƙasa ne ke biyan kuɗin. Tsarin ƙarami ne, amma ya haɗa batutuwa uku da ake ta muhawara a kansu a ƙasar: yunwa, lafiya, da makomar masu kiwon shanu.

Mene ne SNAP?

SNAP shi ne babban shirin tallafin abinci na Amurka, wanda Ma'aikatar Noma ke kula da shi. A shekarar 2024 kimanin mutum miliyan 42 ne suke cin gajiyarsa duk wata, wato kusan mutum ɗaya cikin takwas, kuma ya laƙume kusan dala biliyan 100. Ana zuba kuɗin ne a wani kati mai kama da na banki, ana kiransa EBT. Idan aka raba, kowane mutum yana samun kimanin dala 6 a rana, kwatankwacin sefa 3,500. Ba a sayen barasa ko taba ko dafaffen abinci mai zafi da katin. Baligin da ya yi ƙaura zuwa ƙasar kuwa, ko da yana da takardar zama ta dindindin, yawanci sai ya shekara biyar kafin ya cancanta.

Yadda gyaran madarar ke aiki

Dokar noma ta 2018 ce ta buɗe ƙofa, inda majalisa ta amince a kashe har dala miliyan 20 wajen gwada hanyoyin ƙarfafa wa masu katin gwiwar sayen madara. A 2020 Jami'ar Baylor da ke jihar Texas ta samu kusan dala miliyan ɗaya ta fara gwajin, aka raɗa masa suna Add Milk. Daga 2022 Jami'ar Auburn da ke Alabama ta karɓi ragama, ta faɗaɗa shi zuwa wasu jihohi.

Hanya biyu ake bi. Ko dai a miƙa wa mai saye takardar rangwame da zai dawo da ita wani lokaci, ko kuma a rage masa rabin farashi nan take a wurin biya. Bambancin ba ƙarami ba ne ga iyalin da ke tafiya kanti da nisa, domin takarda tana iya ɓata ko wa'adinta ya wuce kafin a dawo.

Ba kowace madara ce ke shiga ba. A shekarun farko na shirin, sai ta saniya wadda aka tafasa a masana'anta, ba sukari, ba ƙarin ɗanɗano, kuma wadda aka rage wa maiƙo zuwa kashi ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka. Cuku da yogot ba sa ciki. Shi ya sa a 2023 Sanata Amy Klobuchar ta jam'iyyar Democrat da Sanata Roger Marshall na Republican suka gabatar da ƙudurin da zai shigar da su, tare da madarar da ba a cire wa maiƙo ba.

Lafiya ce ko kasuwa?

Hujjar gwamnati ita ce jagorar cin abinci ta ƙasar ta daɗe tana ba da shawarar kofi uku na madara ko dangoginta a rana ga baligi, amma kusan kashi 90 cikin ɗari na Amurkawa ba sa kai wa. Madara tana ɗauke da sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, kuma a can ana ƙara mata bitamin D.

Akwai kuma hujjar da ba a cika ɗaga murya a kanta ba. A 1975 kowane Ba'amurke yana shan kimanin kilo 112 na madara a shekara, a 2023 abin ya faɗi ƙasa da kilo 60. Gonakin shanun tatsa masu lasisi sun ragu daga kusan 70,000 a 2003 zuwa wajen 26,000 a 2023, ƙanana suna rufewa, manya suna haɗiye kasuwar. Don haka ba abin mamaki ba ne ƙungiyoyin masu sarrafa madara suke kan gaba wajen neman a faɗaɗa shirin.

Wannan haɗi ya samo asali tun farko. A 1939, lokacin da aka fara tallafin a birnin Rochester, duk wanda ya sayi takardar abinci ta dala ɗaya ana ƙara masa shuɗiya ta rabin dala, wadda ba ta sayen komai sai amfanin gonar da ya yi kwantai, har da man shanu da ƙwai. A ƙarshen 1981 ma Shugaba Ronald Reagan ya ba da umarnin a raba wa mabuƙata cukun da ya taru a rumbunan gwamnati, bayan shekaru tana saye don kada farashi ya karye.

Shin dabarar tana tasiri?

Gwajin da aka fi dogaro da shi an yi shi ne kan kayan lambu da 'ya'yan itace. Tsakanin 2011 da 2012, a wani yanki na jihar Massachusetts, an riƙa mayar wa masu kati santi 30 kan kowace dala da suka kashe a kansu, kuma bincike ya nuna cinsu ya ƙaru da kimanin kashi 26 cikin ɗari. Masu goyon bayan gyaran madara da wannan suke kafa hujja: rage farashi ya fi wa'azi sauya abin da mutum ke sakawa a kwando.

Masu suka suna da nasu. Da yawa daga cikin baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya cikinsu ba ya karɓar ɗanyar madara idan sun girma, sun fi jure wa mai tsami irin kindirmo, ga shi kuma yogot ba ya cikin tsarin. Wasu kuma suna ganin talaka ya fi kowa sanin abin da gidansa ke buƙata, gara a ƙara masa kuɗin ya zaɓa da kansa.

Sai batun girma. Dala miliyan 20 ɗigo ne a kan biliyan 100. Sannan dokar haraji da kashe kuɗi da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 za ta zaftare kimanin dala biliyan 186 daga SNAP zuwa 2034, bisa ƙiyasin ofishin kasafin kuɗi na majalisa, ta kuma tsaurara sharuɗɗan aiki, ta cire 'yan gudun hijira da dama da ba su samu takardar zama ta dindindin ba. Gyaran na mai kati ne kawai, don haka duk iyalin da katinsu ya kuɓuce, madarar ma ta kuɓuce musu.