Kalmar «kai» a cikin harsuna: kama da wane ba ta wane

A cikin wannan ƴar takarda za mu duba kalmar kai, don mu nuna haɗarin kafa hujjar dangantakar harsuna bisa kamannin sauti kaɗai.

A Hausa ma, kai ba kalma guda ba ce:

(1) kâi, mai faɗuwar karin sauti: sashen jiki (jam'i: kawuna, kanu);
(2) kai, mai karin sama: wakilin suna na namiji (tamace: ke);
(3) kai, mai karin sama: aikatau, kamar a «ya kai hatsi kasuwa».

In muka leƙa waje, kai a Girkanci mahaɗi ne mai ma'anar «da». A Japananci tana nufin dodon kôɗi na ruwa, a Sinancin Mandarin kuwa kāi «buɗe» ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ta haɗa asali da ta Hausa. Dalilin kamannin ba ɓoyayye ba ne: k, a da i suna cikin sautukan da suka fi yaɗuwa a harsunan duniya, kuma in kalma gaɓa guda ce, dacewar katsaham ba ta da wuya.

Harsunan Folineziya sun fi ba da darasi. A Maori na Niyu Zilan, kai «ci, abinci» ne. A harshen Hawai kuwa «teku». Harsunan biyu dangi ne, amma kalmomin biyu ba dangi ba ne. Takwarar kai ta Maori ita ce ʻai «ci» ta Hawai, takwarar kai ta Hawai kuma ita ce tai ta Maori. Wato t na Maori yana daidai da k na Hawai (tapu/kapu «haramtacce», toru/kolu «uku»), k na Maori kuma da hamza (ika/iʻa «kifi»).

Irin wannan daidaito mai maimaituwa shi ne hujja. Muna da shi a gida: inda Tawa ke cewa sabka, zamna, Kano na cewa sauka, zauna, bisa ƙa'idar raunanar baƙin ƙarshen gaɓa da ake kira da sunan Klingenheben.

Saboda haka ɗalibin da ya tara gajerun kalmomin Hausa ya jera su da na wani harshe mai nisa bai tabbatar da kome ba tukuna. Sai ya nuna wane sauti ke daidai da wane, a kalmomi da yawa, tare da lura da karin sauti da tsawon wasali.