Bangon da Aka Shafe Maimakon a Rushe

A wani gida a Tudun Wada, ta ɓangaren hanyar da ke zuwa gandun namun dajin Jos, an yi wa bango sabuwar filasta sumul, alhali shi ne bangon da aka ɗauko ma'aikata su rushe. Mai gidan tsohuwar malamar makaranta ce. Tana son haɗe falonta da ɗakin da ke gefensa, ta bar aikin a hannun birkila ta tafi ta'aziyya Pankshin. Da ta dawo, bango na tsaye, siminti ya ƙare.

Birkila aka fara kamawa. Bai ɗaga murya ba, ya zaro takarda daga aljihu, duk ta lanƙwashe ta sha ƙurar siminti, ya ce, "Mama, abin da takarda ta ce shi na yi." Kuma gaskiyarsa. A ƙa'idar zanen gini, bangon da zai tsaya cikakken layi ake ja masa, wanda za a rushe kuwa layi tsinke-tsinke. A takardarsa bangon nan cikakke ne, baƙi ƙirin.

Sai aka kira mai zanen, ɗan ƙanwar Mama. Ya buɗe AutoCAD a kwamfutarsa, ga bango nan da jan layi, a tsintsinke kamar yadda ya kamata. Shi ma gaskiyarsa. To a ina layin ya haɗe?

Hankali ya koma kan shagon da aka buga takardar, tunda firintarsu baƙi da fari take fitarwa. Wannan ya bayyana ɓacewar jan launi, amma firinta ba ta cike gurbin layi. Da yaron ya buɗe PDF ɗin da ya kai musu, sai ga bangon a cikakke tun kafin ya bar kwamfutarsa. Masu shago sun fita daga zargi.

Zato na gaba shi ne ko akwai wani layi kwance a ƙarƙashi. Hakan na yawan faruwa: mutum ya ɗora tsinkakken layi a kan tsohon zanen gida, cikakken layin da ke ƙasa ya toshe gurabun. Aka kashe shimfiɗar tsohon zanen, aka sake dubawa. Babu canji.

Birkilan ne ya lura da abin da ya wuce kowa. Ya bi takardar da yatsa ya ce, "Oga, ai ko layin bim ɗin sama ban ga ya tsinke ba." Lallai kuwa. Bim da ramin sokawe, waɗanda su ma da tsinkakken layi ake nuna su, duk sun fito a haɗe. Ashe ciwon na shafin ne gaba ɗaya.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Layin da ake kira DASHED, a ma'aunin milimita, kowace gaɓarsa 12.7 ce, gurbin tsakani 6.35. Wannan ya yi ƙanƙanta a zanen gida, don haka yaron ya ɗaga LTSCALE, wato adadin da ke ninka tsawon gaɓa, zuwa 50, gaɓar ta zama milimita 635, ta fito ras a filin zane. Amma a shafin bugawa akwai PSLTSCALE, wanda idan yana kan 1 yakan auna gaɓa da girman takarda. Bango mai mita 3, a ma'aunin 1:100, milimita 30 ne kacal a takarda. Gaɓa guda ta ninka tsawon bangon sau ashirin da ɗoriya, kuma idan layi bai kai tsawon gaɓa da gurbinta ba, AutoCAD cikakke yake jan sa. Aka mayar da LTSCALE 0.25, aka buga umarnin REGENALL don sabunta zanen, gaɓoɓi suka bayyana, kowace kimanin milimita 3.

Manhajojin Revit da ArchiCAD sun rage irin wannan, domin a can bangon kansa ake yi wa alamar rusau, manhajar ta canza masa layi. Duk da haka ba na ganin ya dace makomar bango ta rataya a kan gurbin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Gidajen Tudun Wada da yawa ɗaki-ɗaki aka gina su a tsakanin duwatsu, kuma ba abin mamaki ba ne bangon tsakiya ya zama shi ke riƙe da rufi. A wannan karon asarar siminti aka yi. Da kuskuren ya juya, bango mai ɗauke da nauyi ya fito a tsinke, da maganar ta rai ce.

Masu zane, ku duba takardar da aka buga kafin ta bar hannunku. Ku rubuta "A RUSHE" ɓaro-ɓaro a jikin bangon cikin zanen, ku je wurin aiki ku sa masa jan fenti a gaban birkila. Masu gida kuma, kada guduma ta taɓa bango sai injiniya ya gani, kuma hukumar raya birnin Jos, JMDB, ta amince da canjin.