Abincin Awaki A Cikin Birni: Lissafi Tun Daga Kaka

A Mandawari, kamar sauran unguwannin cikin birnin Kano, gidaje da yawa ba su rasa akuya biyu ko uku a turke. Galibinsu na mata ne, kuma su ne asusunsu: kuɗin magani, da kayan ɗakin 'ya, da hidimar suna, duk a jikin akuya su ke. Wadda aka fi kiwo ita ce jar akuyan nan ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna tun zamanin ayarin raƙuma, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can ta ke bi ta isa gare su.

To, amma suna ba ya cika tumbi. Cikin birni babu makiyaya, filayen da a ke nomawa cikin ganuwa kuwa gine-gine sun cinye yawancinsu. A da jakai kan fita da taki zuwa gonakin karkara, su komo da harawa da itace. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka durƙusar da nomanta, harawarta ta ragu. Yau kusan duk abin da akuyar birni za ta ci, saye ne.

Ga inda mu ke so masu karatu su lura. Akuya wata biyar ta ke yi da ciki. Watau wadda ta ɗauka da kaka, lokacin ƙoshi, cikin bazara za ta haihu, sa'ad da ciyawa ta ƙone, harawa ta yi tsada. Sai nono ya kafe, 'ya'ya su rame, uwa ta fita tsince-tsince a bola ta haɗiye leda. Leda ba ta narkewa. Taruwa ta ke yi cikin tumbi har ta kashe dabba.

Sabo da haka a sayi harawa tun da kaka. A zaɓi mai ganye, a adana ta a inuwa inda ruwa da gara ba su kai ba, gama amfaninta a ganyen ya ke. A haɗa da dusa, da ɓawon wake, da 'ya'yan gawo, itacen nan mai yin ganye da rani, da 'yar kanwa, da ruwa mai tsabta kullum. Kada a jibga mata hatsi ko sauran tuwo gaba ɗaya, sai cikinta ya kumbura. In rumbu ba zai kai damina ba, a sayar da bunsuru tun yana da tsoka. Akuya uku ƙosassu sun fi bakwai ramammu.

Muna roƙon malaman makaranta su mai da wannan darasin lissafi: dami nawa akuya ɗaya ke ci a mako, mako nawa ne daga girbi zuwa ruwan fari? Yaron da ya kai wa mahaifiyarsa amsar nan ya tsare mata dukiya. Tun ran gini, ran zane.