Filin Manoma: Ina Ruwan Bompai, Sharada Da Challawa Ya Ke Zuwa?

Kowane mai lambu ya san ruwa ba ya hawan tudu, kullum gangare ya ke bi. Amma ba kowa ba ne ya san inda ruwan da ya ke ba shukarsa ya fito, balle abin da ya kwaso a hanya. Yanzu kuwa masana sun sami wata irin taswira wadda ke nuna tudu da kwari na ƙasa duka, har mutum ya iya bin sawun ruwa tun daga inda ya faɗo har inda ya ƙare. Wannan abu ya shafi manoman Kano ƙwarai, musamman masu noman rani a ƙasa da unguwannin masana'antu.

Da farko sai a gane abin da a ke kira kwarin kogi. A dubi rufin soro. Magini ya kan karkata rufin, don ruwan wannan sashe ya bi wannan indararo, na wancan sashe ya bi wancan. To, haka Allah ya yi ƙasa. Kowane kogi yana da nasa rufin, watau dukan ƙasar da in an yi ruwan sama a cikinta, a wannan kogi zai ƙare. Tsakanin kwari da kwari akwai doron tudu, shi ne mararrabar ruwa.

A da, in ana son sanin tsawon tudu, sai masu safiyo su fita da ma'auninsu, suna tafe suna kafa sanda, aikin wata da watanni. A watan Fabrairu na 2000 sai Amurkawa suka tashi wani jirgin sama jannati mai suna Endeavour, ya yi kwana 11 yana kewaya duniya. Yana aiko da wani irin sako na iska zuwa ƙasa, sakon ya bugi ƙasa ya koma, da haka a ke lissafa tsawon kowane wuri. A 2014 aka saki awon Afirka mai kyau, kowa ya ɗauka kyauta.

Ga yadda taswirar ta ke. An yanka ƙasa gida gida kamar gurabun dara, kowane gida faɗinsa mita 30, watau wajen yadi 33. A cikin kowane gida an rubuta lamba guda, ita ce tsawon wurin bisa teku. Sa'an nan sai kwamfuta ta ɗauki gida ɗaya, ta dubi maƙwabtansa takwas da ke kewaye da shi, ta ga wanda gangarensa ya fi tsanani, ta ce nan ruwan zai nufa. Haka za ta yi wa kowane gida. Bayan wannan sai ta ƙidaya gida nawa ke zuba wa kowane gida ruwa. Inda lissafin ya taru da yawa, nan ne rafi. Inda kuwa babu mai zuba masa, nan ne doron tudu.

A ƙasashen bakin teku masana su kan yi amfani da wannan taswira don su san daga ina laka da ƙazanta ke gangarowa zuwa wuraren da kifi ke haihuwa. Ruwan Kano kuwa ba ya zuwa teku, gabas ya ke nufa, wajen Tafkin Cadi. Kano ta fi ƙafa 1,500 bisa teku, tafkin kuwa bai kai ƙafa 1,000 ba.

Birnin Kano kansa a kan mararrabar ruwa ya ke zaune. Ruwan arewacin gari na Jakara ne, na kudanci kuwa na Kogin Challawa. Saboda haka unguwannin masana'antun nan uku ba hanya ɗaya ruwansu ke bi ba. Na Bompai ya kan shiga rafin Getsi, Getsi ya zuba a Jakara, Jakara ta kai shi madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Na Sharada ya kan bi rafin Salanta, ya yi kudu har ya ƙare a Kogin Challawa. Masana'antun Challawa kuwa daf da kogin su ke, ruwansu ba shi da wata doguwar tafiya. A wajen Tamburawa Kogin Challawa ya gamu da Kogin Kano, su wuce ta Wudil, su zama Kogin Haɗeja, wanda ke ba fadamun Haɗeja da Nguru ruwa. Can gaba kuma ya haɗu da Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe.

Me ruwan nan ke ɗauke da shi? A unguwannin akwai kamfanonin jimar fata, da masu rini, da masu yin robobi. Jimar zamani ba da bagaruwa a ke yinta ba, da gishirin wani ƙarfe ne mai suna kuromiyam. In ba a tace ruwan jima ba kafin a sake shi, ƙarfen nan ya kan kwanta cikin laka da ƙasar lambu, ba ya kuwa ruɓewa kamar taki. Ganyaye irin su latas da alayyafo su kan zuƙe shi da 'yan'uwansa. Wanki yana rage datti da ƙwayoyin cuta a bayan ganye, amma ba ya fid da abin da ya riga ya shiga jikinsa.

Abin ya fi tsanani da rani. Da damina ruwan sama ya kan tsarma ƙazantar. Da rani kuwa ƙananan rafuka irin su Getsi da Salanta, yawancin abin da ke gudu cikinsu ruwan kwata ne da na masana'antu, daidai lokacin da mai lambu ya fi bukatarsa. Manyan kogunan su ma ba yadda suka ga dama su ke gudu ba, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a wajen Ƙaraye a 1992, gwargwadon abin da aka sako ne.

Amma kada a ɗauka taswirar ta san kome. Tana nuna inda ruwa ya nufa, ba ta faɗin abin da ke cikinsa, wannan sai an ɗebi ruwan an kai ɗakin gwaji. Lambatun da bai kai faɗin gida ɗaya na taswirar ba, ba ta ganinsa. A cikin gari kuma wani lokaci rufin gidaje da kan itatuwa ta kan auna maimakon ƙasa. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Haɗeja kuskuren 'yan ƙafafu kaɗan ya isa ya juya rafi a takarda. Don haka har yanzu sai an taka an gani, an kuma tambayi dattawan wurin. Babban amfaninta shi ne ta nuna wa masu gwaji daidai inda ya kamata su ɗebi ruwa, da garuruwan da abin zai shafa.

Abin da ya kamaci mai lambu shi ne ya san ko gonarsa tana sama da inda ruwan masana'antu ke shiga rafi, ko tana ƙasa. Wanda zai sayi fadama ko ya karɓi aro, ya bi rafin da ƙafa ya ga mafarinsa tukuna. In ruwa ya sake launi, ko ya yi kumfa, ko wari, kada a ba shuka, kada a shayar da dabba, a gaya wa malamin gona da dagaci. Ruwa ba ya tsami banza.